Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Litinin, 31 ga Maris, da hantsi

Shekarar da dam ɗin Bagauda ya fashe, ruwa ya kwashe gidaje da gonaki, a shekarar aka haifi yaron. Na faɗi haka ne don a san ba ƙaramin yaro ba ne. Ya san rami. Duk rani yana Riruwai haƙar kuza, ruwa ya sauka ya dawo gona.

Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa. Tun da aka raɗa masa ban taɓa ba. In yana kusa in ce "kai", in ba ya nan in ce "yaron nan". Uwarsa ma har ta koma ga Ubangiji "wancan" take cewa. A nan ma ba zan rubuta ba.

Ranar Alhamis Sagir ya zo, abokin aikinsa. Ya durƙusa a zaure ya ajiye takalma da waya a gabana. Ya ce a bakin rami suke barin su in za su sauka. Ya ce shi ya hauro da buhu ke nan sai ya ji ƙasa ta yi nishi a bayansa. Ya so ya ci gaba, na ce ya isa.

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce, "Baba, ba a kai gare shi ba tukuna."

Na ce, "To takalma kawai ka kawo."

Ban yi makaranta ba. Marigayiya Tabawa matata ce ta koya min baƙaƙen nan don in riƙa karanta Zabura da kaina. Ragowar littafin Rifkatu jikata na samu. Hannuna ba abin yi.

Talata, da yamma

Na faɗa wa Asibi, matar yaron: ba kuka, ba shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kuma a riƙa ajiye masa tuwonsa kamar kullum. Yara a ce musu yana wurin aiki. Ta ce to, Baba. Ba ta ɗago kai ba.

Malam Mujitaba maƙwabcina ya aiko da abincin Sallah tun shekaranjiya, yau ya zo da kansa. Ya zauna ya daɗe yana jan carbi.

Ya ce, "Nomau, na rasa gaisuwar da zan yi maka."

Na ce, "Yi ta zafi."

Ya ce, "To ya zafi?"

Na ce, "Lokacinsa ne."

Ya ce, "Kai dai tsohon Bamaguje, ko jaki ya sallama maka." Ban yi dariya ba. Shi ma bai yi ba.

Laraba, da safe

An ajiye tuwonsa. Da safe yara suka ci ɗumame.

Alhamis, 3 ga Afrilu, bayan azahar

Fasto ya zo. Yaro ne, daga wajen Kafanchan aka turo mana shi bara waccan, yana da ladabi. Ya yi addu'a mai tsawo sannan ya shigo da abin da ya kawo shi, maganar asubar Ista.

A nan Gidan Jatau, ranar Lahadin Ista kafin rana ta fito duk ikilisiya muke zuwa makabarta. Ni nake tsayawa in kira sunayen waɗanda suka riga mu, tun daga na farko da ya karɓi bishara a garin nan. In na kira suna, jama'a su amsa, "Zai tashi." In mace ce, "Za ta tashi." Daga bakin kawuna na karɓa, shi kuma daga wanda ya fara. Wanda na kira, ya shiga cikinsu ke nan. Kuma a garin nan ba a zaman makokin wanda ba a binne ba sai an kira shi a can.

Fasto ya ce, "Baba, dattawa suna tambaya, bana za ku ƙara suna?"

Na ce, "Akwai jaririn gidan Maikano da ya rasu kafin Kirsimeti."

Ya ce, "Bayan shi fa?"

Na ce bayan shi babu.

Ya ce ko zan yarda a rubuta sunayen a takarda, don in huta, wani ya karanta. Na ce takarda gara take ci. Ni gara ba ta fara cina ba tukuna.

Asabar, da hantsi

Ba labari. Zafi.

Lahadi, 6 ga Afrilu, bayan sujada

Mata sun shigo wurin Asibi su uku. Ina jin su ta bayan zana. Kowace ta ce "sannu da" sai ta tsaya. Ɗaya ta ƙarasa da "sannu da aiki". Suka zauna suna taya ta tsinke zogale, suka tashi.

Su ba su san abin da na sani ba. Zamanin Turawan kuza, Ranau ɗan Giwa ya fi mako a ƙarƙashin ƙasa ya fito. Da idona na gan shi da tsufansa. An riga an yi makokinsa, an raba kayansa, matarsa ta koma gidansu. Da ya dawo, in ya shiga kasuwa sai mutane su dare. Har ya mutu ba wanda ya ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi. Ba zan yi wa yaron haka ba.

Talata, da magariba

Na sa Sagir ya kai ni Riruwai a babur. Ya ce hanya da nisa, Baba, ga dajin Falgore, ga ƙafarku. Na ce ƙafar tawa ce.

Ban san me na yi zaton zan gani ba. Wurin a shafe yake kamar masussuka. Gefe guda akwai inda suka haƙa suna nemansa, ruwa ya taso ya cika shi, kore shar. Sun kawo inji ya yi ta zuƙa, ruwan yana komowa. Sun bari. Can gaba kaɗan wasu suna ta aikinsu a wani ramin. Wata yarinya tana tallar mangwaro. Na sayi guda biyu don Habila, ƙanen Rifkatu.

Sagir ya nuna min da ƙafa, ya ce daidai nan ne, in an yi ƙasa sosai. Ya ce, "Baba, ku kira shi mana. Ko don ranku."

Na durƙusa. Ƙasar da zafi. Na buɗe baki na ce, "Kai."

Na sake cewa, "Kai."

Muka hau babur muka dawo.

Laraba

An ajiye. Habila ya ci. Rifkatu ta ce ta ƙoshi.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da la'asar

Yaran Sande Sukul suna koyon wasan da za su yi ranar Ista. An ba Rifkatu ɗaya daga cikin matan da suka je kabari da turare. Shekararta takwas, ba ta mantuwa, irina ce. Habila shekara huɗu, an ce masa shi soja ne mai gadi, aikinsa kawai ya faɗi ƙasa in mala'ika ya zo. Tun jiya yake faɗuwa a tsakar gida. Ya faɗi a kan kaza.

Ya zo ya hau cinyata. Ya ce, "Kaka, wa ya ture dutsen?"

Na ce mala'ika.

Ya ce, "Da katafila?"

Na ce da hannu.

Ya ce, "Babana ma zai iya." Ya sauka ya koma faɗuwarsa.

Da, Rifkatu in ta gan ni sai tsiya. Tsoho mai haƙori uku, ba na aurenka sai ka sayi mota. Ni kuma in ce uwargida, ai kin makara, na yi sabuwa a Tudun Wada. Yau na ce mata uwargida ina ruwana, ta kawo ta ajiye ta ce ga shi, Kaka. Shi ke nan.

Asabar, da safe

Hadari ya haɗo ta gabas jiya, iska ta watsa shi. Kowa yana sharar gona. Gonar yaron tana nan da karan bara.

Lahadin Dabino, da rana

Mun zaga gari da ganye. Dabino ba ya isa, yawanci kaba ce da ganyen giginya. Yara suna ta Hosanna, Habila yana ta dukan yaran mutane da nasa. Jakin Maikano aka ara, ya ƙi tafiya a gaban masallaci, masu wasan almajiran Yesu suna ja, samarin unguwar Malam suna turawa, kowa yana dariya. Na ga bakina ya motsa.

Bara yaron ne ya ɗauki Habila a wuya. Bana ya taka da ƙafarsa. Ya ce ƙasa tana cizonsa.

Litinin

Zafi. Ba labari. Na caja wayarsa a shagon bakin titi. Ban san dalili ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da yamma

Asibi ta zo zaure ta durƙusa daga bakin ƙofa. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa fara yi min magana ba sai na fara.

Ta ce, "Baba, Inna ta aiko daga Dangora."

Na ce lafiya?

Ta ce, "Sun ce ba za su iya zuwa ba sai an aika musu daga gidan nan. Sun ce ba su san da wace ƙafa za su shigo ba."

Na ce su shigo da wadda suka saba.

Sai ta ce, "Baba, ni mece ce yanzu?"

Na ce matar gidan nan ce.

Ta ce, "In na sa kaya masu haske, mata su kalle ni. In na sa baƙi, ku ku kalle ni. In kuka ya zo min sai in tafi bayan gida in toshe baki da zani kamar ɓarauniya. Kullum in kwashe tuwo in rufe, na san inda za shi. Baba, ba na ce ku kashe shi ba. Ku dai sake ni in yi kukana a tsakar gida."

Na ce, "Kin gan shi?"

Ta ce, "Ban gan shi ba."

Na ce to.

Ta tashi. Ta daɗe tsaye a bayan zana kafin na ji takunta.

Laraba, da safe

An ajiye. Ba wanda ya ci. Kare ya samu.

Alhamis, da la'asar

Ana yi wa Rifkatu kitso a gindin darbejiya. Tela ya kawo kayan Ista. Atamfar tun watan jiya yaron ya aiko da ita daga Riruwai, iri ɗaya, shi da matarsa da yara. Tela bai sani ba ko ya manta, ya ɗinko har da rigarsa. Asibi ta karɓa ta ninke, ta zo ta ajiye a kan gadona.

Na matsar da ita gefe na kwanta. Tana warin sabon yadi.

Jumma'a Mai Kyau, bayan an tashi

Yau kowa baƙi yake sawa. Asibi ta fito da baƙin zani da baƙin ɗankwali, ta wuce ta gabana ba ta kauce ba.

An karanta wahalar Ubangiji tun daga lambu har kan gicciye. Da aka zo inda aka ɗauko shi aka naɗe da likkafani aka sa a kabari, sai Asibi ta fara kuka. Ban taɓa jin irin muryar nan daga bakinta ba. Matan Zumunta na ikilisiya suka kewaye ta. Fasto ya dakata da karatu, ya jira, ya ci gaba a hankali. Ba wanda ya ce mata yi shiru. Ai kukan Yesu ne, wa zai hana?

Ni abin da ya tsaya min daban ne. Shi an ba su gawarsa. Wani mai arziki ya je ya roƙa aka ba shi. Uwarsa ta ga inda aka sa shi. Shekara da shekaru ina jin karatun nan ban taɓa lura ba.

Rifkatu tana layin yara. Ba uwarta take kallo ba, ni take kallo.

Asabar, da hantsi

An yanka zakara. An gyara shinkafa. Habila ya gwada wandonsa ya ƙi cirewa.

Asabar, da magariba

Fasto ya sake zuwa, shi da Maikano. Maikano ya ce, "Nomau, sa'anka ne ni, zan faɗa maka. Ranau ɗan Giwa da kake ta kawowa, ramin da ya faɗa babu ruwa."

Na ce kai kana goye lokacin.

Ya ce, "Kai ma kana goye."

Fasto ya ce ba za su tilasta ni ba, bakina ne. In na kira, ikilisiya za ta amsa. In ban kira ba, za a jira baɗi.

Baɗi. Asibi ta ji, tana tankaɗe a bakin madafa. Rariyar ba ta tsaya ba.

Na bi sunayen a raina kamar yadda nake yi duk jajibiri. Suna nan cif. Na tsaya a kan jaririn gidan Maikano.

Lahadin Ista, 20 ga Afrilu, da azahar

Zan rubuta yadda ya faru.

Matan Zumunta suka tashe mu da waƙa da tulunan kiɗansu. Muka bi su da tocila har makabarta, gindin ɗorawa. Yara da sababbin kaya, barci a idonsu. Fasto ya ce Almasihu ya tashi, aka amsa. Ya matsa min wuri.

Na dafa sanda na fara. Barau Mai Kuge, wanda ya fara fasa tukunyar tsafinsa. Zai tashi. Kande matar Barau. Za ta tashi. Na bi su gida gida, shekara shekara, na ƙyanda, na yunwa, na haɗarin motar Kwanar Dangora. Tabawa matar Nomau. Za ta tashi. Gabas ta fara ja. Na kira jaririn gidan Maikano, aka amsa, uwarsa ta share ido.

Na sauke sandar ƙasa. Alamar na gama ke nan, kowa ya sani. Ban kalli ɓangaren mata ba. Mai ba da waƙa ta ja numfashi za ta ɗauka.

Sai Rifkatu ta ce, "Kaka, saura Baba."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma wurin shiru, har na baya sun ji. Wata ta kai hannu za ta rufe mata baki, ta goce. Ta tako tsakanin kaburbura da sabon takalminta ta zo gabana.

Na sunkuya. Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

Ta ce, "Ina bayan zana ranar da Baba Sagir ya zo."

Na ce, "Shi ne ba ki yi magana ba?"

Ta ce, "Na ga kuna ta sa a ajiye masa tuwo. Na ɗauka ku ba ku gane ba. Ban so in faɗa muku ku ji ciwo."

Ban san tsawon da na yi a sunkuye ba. Bayana ya riƙe. Ta kama hannuna ta taya ni miƙewa.

Ni ban iya tsinto suna shi kaɗai ba. Haka na karɓe su, kowane yana riƙe da na bayansa, in aka yanke sai an koma kai. Na ɗaga sandar. Na ce, Barau Mai Kuge.

Maikano ne ya fara amsawa, shi kaɗai, sannan sauran. Ba wanda ya zauna, ba wanda ya tafi. Rana ta fito ta same mu ina wajen 'yan shekarar ƙyanda. Jarirai suka fara kuka. Na ga ina jan sunayen a hankali, ina ƙara wa kowa sunan ubansa da na kakansa, abin da ba na yi. Duk da haka suka ƙare. Tabawa. Na gidan Maikano.

Harshena bai san hanyarsa ba. Kamar in ɗauki lauje da hagu.

Na ce, Filibus ɗan Nomau.

Suka ce, "Zai tashi."

Asibi ta zauna a ƙasa da sabuwar atamfarta. Wannan karon ba ta yi ƙara ba. Rifkatu ta sake ni ta tafi wurinta.

Filibus. Ga shi na rubuta. Sunan ba shi da wuya ashe.

Lahadi, da yamma

An yi sujada. An yi wasan yara. Rifkatu ta faɗi nata ba kuskure. Habila ya faɗi tun kafin mala'ika ya iso, aka yi dariya, ya tashi ya sake faɗuwa.

An ci shinkafa da zakara. An kai wa maƙwabta nasu. Kafin la'asar samari sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ban sa su ba, ban hana ba. Mutane suna zuwa, ina amsawa. Ban ji komai ba. Ƙafata ce kawai take ciwo.

Habila ya zo da mai a baki. Ya ce, "Kaka, an ce Babana zai tashi."

Na ce haka aka ce.

Ya ce, "Yaushe?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Gobe a Galili?"

Na ce ba gobe ba. Ya tsaya yana kallona, sai ya ce to a ajiye masa cinya. Na ce ya cinye abarsa, na ba shi.

Gobe Litinin ikilisiya za ta hau dutse da abinci da ganguna, abin da muke kira zuwa Galili. Asibi ta aiko tana tambaya ko a hana yaran. Na ce su je, matar Maikano ta riƙe su, a zuba musu ragowar shinkafa a kula. Ita ta zauna a ɗakinta, mata su zo su same ta.

Ni kuwa gobe da sassafe, kafin rana ta yi zafi, Sagir zai zo da babur. Zan je Dangora. Ba aike zan yi ba. Zan tsaya a ƙofar gidan iyayenta in yi sallama, in an fito in faɗa musu da bakina, da sunansa.